Agogon GMT da Ghana: Tarihin Saita Lokaci a Zangunan Accra

Gabatarwa

Mai sauraron shirye-shiryen Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje ya saba da jin ana faɗin lokaci sau biyu: ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe kaza agogon GMT da Ghana. Wannan jimla tana nuna cewa masu magana da harshe ɗaya suna zaune a ƙarƙashin agogo biyu, kuma kowane agogo yana da wanda ya tsayar da shi. Agogo ba ya sanin lokaci da kansa. Aikinsa ƙirga ne kawai, sai wani ya gaya masa inda zai fara ƙirgar. Tambayar da ke gaban duk mai agogo, ko na hannu ne ko na cikin kwamfuta, ita ce: daga wa zai karɓi lokaci, kuma ta wace hanya lokacin zai iso gare shi ba tare da ya tsufa a hanya ba? Wannan maƙala ta bi tarihin tambayar a zangunan birnin Accra, musamman Nima da Maamobi, tun daga awon inuwa har zuwa zamanin da kwamfuta ta fara buga waya domin ta tambayi lokaci.

Zango da Mutanensa

Kalmar zango a Hausa tana nufin masaukin ayari, inda fatake suke sauke kaya su kwana. A Ghana kalmar ta zama sunan unguwannin baƙi, akasarinsu Musulmi, inda Hausa ta zama harshen da ya haɗa ƙabilu da yawa. Asalin wannan zama yana komawa ga fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda kasuwar Salaga ta kasance cibiyarsa. Yaƙin basasar da ya rusa Salaga a 1892 ya watsa fatake zuwa wasu garuruwa, wasu daga cikinsu suka gangaro kudu zuwa bakin teku. Kafin wannan, Turawan Ingila sun riga sun kawo sojojin Hausa a yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874, sannan a 1877 suka mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Accra, birnin da tsofaffin Hausawa suke kira Ankara.

Tarihin zangunan birnin yana ambaton Malam Naino a matsayin jagoran zango na farko a shekarun 1880, da ɗansa Malam Bako wanda ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta biyo baya a farkon shekarun 1930, a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga hannun wani gida na ƙabilar Ga, Maamobi kuwa ta bunƙasa a maƙwabtaka da ita. Waɗannan mutane sun zo da kayansu da littattafansu, sun kuma zo da nasu tsarin sanin lokaci.

Lokacin da Rana Take Faɗa

Bahaushe ya raba yini da dare gida-gida tun kafin ya ga agogo: asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha, da tsakar dare. Yawancin waɗannan sunaye suna rataye da salla. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan malamai, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, da rana da inuwa suke bayyana lokutan salla. Azahar tana shiga idan rana ta gusa daga tsakiyar sama, inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta gama raguwa. La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa a tsakar rana. Magariba faɗuwar rana ce, lisha ɓacewar jan shafaƙi, asuba kuwa ketowar alfijir. Malamai sukan ƙiyasta tsawon mutum da taki bakwai na ƙafarsa, don haka ladan yana iya tsayawa a fili ya auna inuwarsa ba tare da wani kayan aiki ba.

Wannan tsari yana da fa'ida guda da babu na'urar da ta fi shi a kanta: saƙon ba ya bin hannun kowa. Ladan yana karanta lokaci daga sama kai tsaye, ya sanar da unguwa da muryarsa. Rauninsa kuma a fili yake. Idan hadari ya rufe sama a daminar Accra, ko hazo ya turnuƙe a lokacin hunturu, awon inuwa yakan gagara. Ga shi kuma birnin yana kusa da tsakiyar duniya, inda duhu yake saurin rufewa bayan faɗuwar rana. A watan azumi kuskuren 'yan mintoci yana da nauyi, domin a mazhabar Malikiyya wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi, daga baya ta bayyana ba ta faɗi ba, sai ya rama wannan yinin.

Ƙarfe, Agogo, da Layin Greenwich

Kalmomin da Hausa take faɗin lokacin zamani da su suna ɗauke da tarihin zuwansa. Agogo aro ne daga Yarbanci, inda kalmar take nufin ƙararrawa. Awa da minti da sakan daga Ingilishi suke. Sa'a da daƙiƙa daga Larabci suke, sai dai daƙiƙa a Larabci minti ce, alhali a Hausar kafofin labarai ta yau sakan take nufi. Ita kuwa kalmar ƙarfe, da ake cewa ƙarfe uku ko ƙarfe tara, ana danganta ta da ƙarfen da ake bugawa a bariki da wuraren aikin Turawa domin sanar da awa. Ke nan lokacin agogo ya fara shigowa kunnen Bahaushe a matsayin sautin da wani mai iko yake bugawa.

Shi kansa wannan mai iko a wani wuri yake karɓo nasa lokacin. A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a birnin Washington na Amurka, inda 22 daga cikinsu suka amince da layin da ya ratsa gidan nazarin taurari na Greenwich, a Landan, ya zama mafarin awon gabas da yamma na duniya. Faransa da Barazil suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Wannan layi, idan aka bi shi kudu, yana ratsa Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya ɗan taɓa Togo, ya bi ta Ghana ya faɗa teku a garin Tema, gabas da Accra kaɗan.

Wannan ya ba mazauna Nima wata dacewa da 'yan'uwansu na Kano ba su samu ba. Duniya tana juya digiri ɗaya a cikin minti huɗu. Accra ba ta kai rubu'in digiri yamma da layin Greenwich ba, saboda haka matsakaicin lokacin ranarta da agogon GMT ba su saɓa da minti ɗaya cikakke ba. Kano kuwa tana wajen digiri takwas da rabi a gabas, amma agogon Najeriya an ɗora shi ne a kan digiri 15, don haka agogon yana gaban ranar Kano da wajen minti 26. Rana tana riga tsayawa a Kano kafin Accra da kimanin minti 35, amma bambancin agogonsu awa guda ce cur.

Duk da wannan dacewa, rana ba ta bin agogo sau da ƙafa. Saboda karkatar duniya da yanayin zagayenta, tsayuwar rana takan riga sha biyun agogo da wajen minti 16 a farkon Nuwamba, ta kuma makara da wajen minti 14 a tsakiyar Fabrairu. Shi ya sa jadawalin salla da ake mannawa a bangon masallaci yake sauyawa mako-mako. Gwamnati ma takan taɓa agogon. A shekarun 1920 da 1930, hukumomin Gold Coast sukan tura agogo gaba da minti 20 daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen shekara. Lebura da masinja da ɗan sanda suna bin wannan doka a wurin aiki, amma lokacin azahar yana nan inda inuwa ta ajiye shi.

Zamanin Rediyo

A ranar 31 ga Yuli 1935, gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Accra, wadda take karɓo shirye-shiryen BBC ta rarraba su ta waya zuwa gidajen 'yan ɗaruruwan masu biyan kuɗi. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu tashar ta fara magana da harsunan ƙasa, har da Hausa, kuma Hausa ta ci gaba da zama ɗaya daga cikin harsunan gidan rediyon Ghana bayan 'yancin kai. Ghana ta sami mulkin kanta a ranar 6 ga Maris 1957. Mako guda bayan haka, a ranar 13 ga Maris, Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri.

Tun daga watan Fabrairu na 1924 BBC take watsa wasu gajerun ƙararraki shida a daidai cikar awa, waɗanda asalinsu daga agogon Greenwich suke. Farkon na shida shi ne cikar awar. Saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka jinkirinsa daga Turai zuwa bakin tekun Ghana ɗan kaso ne na daƙiƙa wanda kunne ba ya kamawa. Da ƙananan rediyoyi masu batir suka yawaita, sai mai shayi da tela da ladan suka sami hanyar daidaita agogonsu kyauta, sau da dama a yini. Mutumin Nima bai ma buƙatar lissafi ba, domin lokacin da aka kira GMT shi ne nasa.

A ƙasashen Turai an samar da wata hanya ta daban, wato agogo mai magana ta tarho. Paris ta fara nata a 1933, Landan a 1936. Mutum ya buga lamba, murya ta gaya masa lokaci. Wannan tunani ne aka ɗauko daga baya aka yi wa kwamfuta.

Kwamfuta Mai Mantuwa

Kwamfutar IBM ta 1981 ba ta riƙe lokaci idan an kashe ta. Duk sanda aka kunna ta sai ta nemi a rubuta mata kwanan wata da awa, in aka ƙi kuwa sai ta ɗauka ranar 1 ga Janairu 1980 ce. Daga 1984 aka fara sanya wa kwamfutocin kamfanin ɗan agogo mai batir na kansa. Zuciyar wannan agogo wani ɗan ƙanƙanen dutsen kwaz ne mai karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa. Zafi da sanyi da tsufa suna sauya saurin karkarwar, har agogon ya riƙa yin gaba ko baya da 'yan daƙiƙoƙi kowace rana, su taru su zama mintoci a cikin watanni.

A daidai wannan zamani masana sun riga sun ƙaurace wa juyawar duniya a matsayin ma'aunin daƙiƙa. A 1955 Louis Essen ya ƙera agogon ƙwayar zarra mai aiki da sinadarin siziyam a Ingila, kuma a 1967 aka amince cewa daƙiƙa guda ita ce karkarwa 9,192,631,770 ta hasken wannan sinadari. Daga irin waɗannan agogo ake haɗa lokacin duniya da ake kira UTC, wanda a rayuwar yau da kullum daidai yake da GMT. Matsalar da ta rage ita ce yadda za a isar da wannan lokaci zuwa kwamfutar da ke kan tebur.

A 1988 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe wata hidima mai suna ACTS a garin Boulder na jihar Colorado. Kwamfuta takan buga lambar hukumar ta layin tarho, ta hanyar modem, wato na'urar da take mayar da bayanai su zama sauti. Da zarar an haɗu, ɗaya ɓangaren yakan riƙa aiko layin rubutu kowace daƙiƙa, ɗauke da kwanan wata da lokacin UTC, a ƙarshensa kuma alamar tauraro. Isowar tauraron ita ce cikar daƙiƙar da aka rubuta. Kiran gaba ɗaya ba ya kai minti guda.

Hikimar tsarin tana cikin yadda ya yi da jinkirin hanya. Fataken da suka baro Kano suka isa Salaga bayan watanni, labarin da suke ɗauke da shi ya tsufa gwargwadon tsawon hanyar, kuma mai hankali yakan cire wannan tsawo kafin ya yi aiki da labarin. Haka ACTS take yi. Da farko takan aiko tauraron da wuri, da kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, bisa ƙiyasin abin da hanya za ta ci. Idan kwamfutar mai kira ta mayar mata da alamar, sai ta auna tsawon zuwa da dawowa, ta raba biyu, ta gyara gaggawar aikowarta daidai da haka, sannan ta sauya tauraron da alamar #, shaidar cewa yanzu an auna hanyar. Da wannan dabara kuskuren yakan ragu zuwa 'yan kaso kaɗan cikin dubu na daƙiƙa, muddin tsawon zuwa da na dawowa ɗaya ne.

Kwamfuta a Nima da Maamobi

Hukumar ba ta karɓar kuɗin hidimar, amma kuɗin waya yana kan mai kira. Ga mazaunin Accra wannan kira ne na ƙasa da ƙasa, a lokacin da layukan tarho na girke a Ghana duka ba su kai dubu 100 ba a tsakiyar shekarun 1990, talakawa kuma a shagunan buga waya suke biyan kuɗi su yi magana. Sautin awa na rediyo kyauta ne, kuma ya ishi duk wani aikin ofis ko shago. Hanya mafi sauƙi ga mai kwamfuta ita ce ya saurari rediyo, ya duba agogon hannunsa, ya rubuta lokacin da yatsunsa.

Layin tarho ya kawo wa kwamfutocin Ghana lokaci ta wata ƙofar daban, wato intanet. A 1995 kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Quaynor ya haɗa Ghana da intanet, ta shiga sahun farko a Afirka ta Yamma. Masu amfani na farko ta modem suke buga lambar kamfani a cikin gari. Zuwa farkon shekarun 2000 shagunan intanet sun bazu a Accra, daga babban shagon BusyInternet da aka buɗe a 2001 kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, har zuwa ƙananan ɗakuna a lungunan zango. Don Slater da Janet Kwami sun yi nazarin amfani da intanet da wayar hannu a Maamobi, Jenna Burrell kuma ta wallafa littafi a 2012 a kan matasan shagunan intanet na Accra.

A irin waɗannan shaguna agogon kwamfuta kuɗi ne, domin da awa da minti ake sayar da zama. Yawancin na'urorin kuwa kwance ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma sau da yawa ɗan batirin agogonsu, mai faɗin kwabo, ya riga ya yi rauni. Matuƙar akwai wuta agogon yana tafiya. Da an ɗauke wuta sai ya manta komai, ya koma tsohuwar shekarar da aka ɗora masa a masana'anta. Ɗauke wuta kuwa ba baƙon abu ba ne: an yi rabon wuta a 1998 da kuma 2006 zuwa 2007 saboda ƙarancin ruwa a madatsar Akosombo, sannan aka yi doguwar matsalar da 'yan Ghana suka raɗa wa suna dumsor daga 2012 zuwa 2016. Kwamfutar da ta farka a shekarar da ta wuce takan ƙi buɗe shafuka masu tsaro, domin a lissafinta takardun shaidarsu ba su fara aiki ba tukuna. Wasiƙar da ta aika kuma tana iya nutsewa a ƙasan akwatin wanda aka aika wa, ƙarƙashin wasiƙun shekaru.

Akwai kuma tarkon da ya shafi Ghana musamman. A jerin yankunan lokaci na Windows XP babu sunan Accra. Akwai GMT iri biyu, ɗaya mai ɗauke da sunan Landan, ɗaya mai ɗauke da Casablanca da Monrovia. Wanda ya zaɓi na Landan, bisa sanin cewa Ghana da Ingila layi ɗaya suke, sai kwamfutarsa ta yi tsallen awa guda a ƙarshen Maris, domin Birtaniya tana tura agogonta gaba a bazararta, Ghana kuwa ba ta yi.

Maganin ya zo ne daga tsarin NTP, wanda David Mills na Jami'ar Delaware ya fara bayyanawa a 1985. Dabararsa irin ta ACTS ce, wato auna zuwa da dawowa, sai dai ta intanet yake bi, kuma ya jera kwamfutoci hawa-hawa: na sama suna karɓa daga agogon ƙwayar zarra, na ƙasa suna karɓa daga na sama, kowace ta san matsayinta a jerin. Ɗalibin hadisi zai ga kama tsakanin wannan da isnadi, inda darajar ruwaya take rataye da sanin wanda ya karɓa daga wa. Windows XP, da ta fito a 2001, ta zo da wannan aiki a cikinta, tana daidaita agogo sau ɗaya a mako idan akwai intanet. Daga nan saita lokaci ya fita daga hannun mai shago.

Kammalawa

Wayar hannu, wadda ta fara shiga Ghana a 1992, ta ƙarasa aikin. A yau wayoyin da ke aljihun masallata a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, daura da Nima, wanda aka buɗe a 2021, suna karɓar lokaci daga kamfanonin sadarwa da taurarin ɗan'adam ba tare da masu su sun taɓa komai ba, kuma da wuya biyu su saɓa da daƙiƙa mai yawa. Sai dai daidaituwar agogo ba ta kawar da saɓani a kan lokacin ibada ba. Manhajojin salla lissafi suke yi da matsayin rana, kuma hanyoyin lissafin sun bambanta: wata tana ɗaukar alfijir idan rana tana digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, wata tana ɗaukar 19 da rabi, abin da yake haifar da tazarar wajen minti shida a Accra. Farkon azumi da ranar salla kuma har yanzu jama'a suna jiran sanarwar ganin wata daga ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda yake kan wannan muƙami tun 1993. Hausawa suna yi wa agogo kirari da sarkin aiki, suna kuma cewa rana ba ta ƙarya. A Nima da Maamobi ana aiki da maganganun biyu a yini guda: waya tana faɗin ƙarfe nawa ne, amma mai azumi yakan riƙe dabinonsa a hannu har sai ya ji muryar ladan.